Dalilan Bambancin Yanayi a Sassan Duniya: Misali Daga Kwarin Rima

1.0 Gabatarwa

Yanayin wurin da al'umma take zaune shi ne ke tsara mata lokacin shuka da na girbi, da irin ɗakin da za ta gina, da tufafin da za ta sa, har ma da kalmomin da za su yawaita a harshenta. Don haka malamin Hausa ba zai iya koyar da sana'o'in gargajiya ko karin magana ko lokutan shekara yadda ya kamata ba, matuƙar bai san dalilan da suka sa ƙasar Hausa ta kasance da irin yanayin da take da shi ba. Wannan babi zai bayyana abubuwa shida na labarin ƙasa waɗanda ke haifar da bambancin zafi da sanyi da ruwan sama a duniya. An ɗauki yankin Taloka da Goronyo da Wurno da Raba, a gabashin Jihar Sakkwato, a matsayin madubi, sannan aka kwatanta shi da wasu sassan duniya.

1.1 Ma'anar Yanayi

Bahaushe yana amfani da kalmar "yanayi" ta fuska biyu. Akwai halin da gari ya wayi da shi, kamar a ce yau an tashi da hazo ko an yini ana zafi, wanda kan sauya cikin sa'o'i kaɗan. Akwai kuma yanayin da wuri ya saba da shi shekara da shekaru, wanda masana ke tantancewa ta hanyar haɗa awon zafi da ruwan sama da iska na tsawon shekara 30. Wannan na biyu shi ne abin nazari a nan.

1.2 Nisa Daga Ikwaita

Ikwaita layi ne da masana suka ƙaddara ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Wuraren da ke kusa da shi suna samun hasken rana a tsaye, zafinta ya taru a ɗan wuri. Waɗanda suka yi nisa kuwa, hasken yana isa gare su a karkace, ya bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Taloka tana wajen digiri 13 arewa da ikwaita, Ikko tana wajen digiri 6 da rabi, birnin Landan kuwa ya haura digiri 51.

Haka kuma, duniya tana kewaya rana ne a jirkice da kimanin digiri 23 da rabi, abin da ke kawo sauyin tsawon yini. A kwarin Rima yini mafi tsawo, a watan Yuni, bai cika awa 13 ba, mafi gajarta kuma, a watan Disamba, ya ɗara awa 11. A Landan kuwa yinin Yuni ya wuce awa 16, na Disamba bai cika awa 8 ba. Wannan ne ya sa mai azumi a Ingila yake ganin bambanci mai yawa daga shekara zuwa shekara, alhali na Wurno ba ya ganin haka sosai.

Sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai tsakar ka a yankin Goronyo: a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. A Afrilu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, amma a Agusta da wuya ya wuce digiri 32. Tunda matsayin rana ɗaya ne a lokutan biyu, ke nan akwai wasu dalilan da ke aiki tare da shi.

1.3 Iska Mai Rinjaye

Iska iri biyu ce ke karɓa-karɓa a sararin Afirka ta Yamma. Ta farko tana tasowa daga hamadar Sahara ta fuskar arewa maso gabas, busasshiya ce mai ƙura, ita ce iskar hunturu. Yawancin ƙurar da ke haddasa hazo a ƙasar Hausa tana tashi ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ta biyu tana tasowa daga tekun Atilantika ta fuskar kudu maso yamma, ɗauke da laima. Mahaɗar iskokin nan biyu tana bin sawun rana: a Janairu tana kusa da gaɓar teku, a Agusta kuma ta kai wajen digiri 20 arewa, cikin ƙasar Azbin. Ana samun ruwa ne a wuraren da mahaɗar ta wuce ta bari a kudancinta.

Daga wannan kai da komo ne lokutan shekara na Bahaushe suka samu. A bazara hazo ya yaye, gajimare bai taru ba, rana na dukan busasshiyar ƙasa kai tsaye. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, gajimare yana tare hasken rana, wani kaso na zafin kuma yana ƙarewa wajen busar da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan ita ce amsar bambancin Afrilu da Agusta, watan marka, wadda Basakkwace ke kira malka. Da kaka mahaɗar tana komawa kudu, amfanin gona ya nuna. Da hunturu kuwa, rashin laima a sama yana barin ɗumin ƙasa ya fice da dare, har awo ya sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka da asuba.

Ɗalibai sukan tambaya: in laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa hadari ke haɗowa daga gabas? Dalili shi ne, iskar teku tana bin ƙasa-ƙasa ne, a bisanta kuma akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce ke tura gajimaren da ya haɗu. Saboda haka manomin da ke duban gabas yana jiran hadari bai yi kuskure ba.

1.4 Nisa Daga Teku

Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin hucewa, saɓanin ƙasa. Don haka teku yana daidaita yanayin garuruwan da ke bakinsa. A Ikko, tsakanin wata mafi zafi da wata mafi sanyi bambancin bai wuce digiri 4 ba, amma a Sakkwato ya kusa digiri 10. Bugu da ƙari, iskar teku tana zubar da laimarta a hanya, ga shi kuwa tsakanin gaɓar teku da kwarin Rima ya fi kilomita 700. Shi ya sa Fatakwal take samun fiye da milimita 2,000 na ruwan sama a shekara, yankin Sakkwato yana samun wajen 600 zuwa 700, Agadas kuwa ba ta kaiwa 200. Wannan ne ya sa gero, mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, ya zama abincin tudu a Raba da Goronyo, yayin da doya ta zama ta mutanen Binuwai.

1.5 Tsawon Wuri Daga Doron Teku

Iska tana samun ɗuminta ne daga ƙasa, kuma tana ƙara sirancewa gwargwadon hawa sama. A matsakaicin lissafi, zafi yana raguwa da digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. Kwarin Rima bai wuce mita 300 bisa doron teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Tazarar mita 900 tana ba da bambancin kusan digiri 6. Shi ya sa dankalin Turawa yake yin kyau a Jos, duk da cewa ta fi Taloka kusa da ikwaita. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, yana da ƙanƙara a ƙololuwarsa alhali digiri 3 ne kawai tsakaninsa da ikwaita.

Duwatsu kuma suna tare iska mai laima su tilasta mata hawa, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa a ɓangaren da ke fuskantar ta. Ƙauyen Debundsha da ke gindin Dutsen Kamaru yana samun kimanin milimita 10,000 a shekara, wato ya ninka na Goronyo fiye da sau goma.

1.6 Igiyoyin Ruwan Teku

A cikin teku akwai ruwa mai gudana tamkar gulbi, wani mai ɗumi wani mai sanyi. Igiya mai ɗumi da ke tasowa daga mashigin Meziko ta ratsa Atilantika ita ce ke sassauta sanyin Ingila, alhali gaɓar Labrado a Kanada, wadda suke kan layi ɗaya, tana daskarewa. Igiyar Bengela mai sanyi kuwa tana hana hadari haɗuwa a gaɓar Namibiya, har hamada ta kai bakin teku. Ko ƙasar Hausa ba ta tsira daga tasirin teku ba, domin bincike ya nuna cewa farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 yana da alaƙa da sauyin ɗumin ruwan tekun Atilantika da na Indiya, wanda ya raunana iska mai kawo damina.

1.7 Gulabe da Ƙasa da Tsirrai

A cikin yanki ɗaya ma ana samun bambanci. Jigawa tana saurin ɗaukar zafi da saurin tsotse ruwa, fako ba ya riƙe ruwa ko kaɗan, lakar fadama kuwa tana riƙe danshi har cikin rani. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kwari, shi ya sa sanyin asuba ya fi tsanani a fadama. Haɗuwar danshin fadama da sanyin hunturu ita ce ta ba manoman Wurno da Goronyo damar noman albasa da tafarnuwa da alkama. Alkamar da aka makara shukawa, har zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai, ƙwayarta takan shanye.

Gulbin Rima yana tattaro ruwansa ne daga nesa, ta rassa irin su Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe fiye da mita miliyan 900 na ruwa a ma'aunin murabba'i mai zurfi. A Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima, har ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Darasin shi ne, ruwan da aka yi a ƙasar Katsina da Zamfara yana iya cin gonar mutumin Taloka ko da bai ga hadari a kansa ba.

Itatuwa kuwa, irin su gawo da bagaruwa da dogonyaro, suna ba da inuwa, suna rage ƙarfin iska, suna riƙe ƙasa. Inda aka sare su, iska kan kwashe ƙasar noma, rairayi ya binne shuka. Domin magance haka ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, kuma Jihar Sakkwato tana cikin jihohin Nijeriya 11 da aka fara shirin da su.

1.8 Yadda Za a Koyar da Darasin

Ya kamata malami ya fara daga abin da yara suka sani. Yana iya sa su kafa sanda a filin makaranta su riƙa auna inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a mako, su ga yadda take komawa arewa da hunturu, ta kusa ɓacewa a ƙarshen Afrilu. Yana iya ajiye kwano biyu a rana, ɗaya da rairayi ɗaya da ruwa, yara su taɓa su da azahar da kuma bayan la'asar. Haka nan yana iya tura su wurin dattawa su tattaro kalmomin yanayi kamar jaura da raɓa da yayyafi da guguwa da binne, tare da ma'anar kowacce a karin harshen garinsu.

1.9 Kammalawa

An ga cewa yanayin kowane wuri sakamako ne na haɗuwar dalilai da dama: matsayinsa daga ikwaita, iskar da ke rinjaye a kansa, nisansa daga teku, tsawonsa, igiyoyin teku, da kuma irin ƙasarsa da tsirransa. A kan waɗannan an sami ƙarin ɗumamar duniya, wadda ta haura digiri 1 tun daga ƙarshen ƙarni na 19, saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da sare dazuzzuka. Yaran da malami zai koyar su ne manoman gobe, kuma sanin waɗannan dalilai zai taimake su wajen zaɓen iri da lokacin shuka da wurin gina gida.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin ma'anoni biyu na kalmar "yanayi".
2. Me ya sa Afrilu ya fi Agusta zafi a yankin Goronyo?
3. Wani gari yana kan mita 1,800, wani yana kan mita 300. Lissafa bambancin zafin da ake tsammani tsakaninsu.
4. Bayyana dalilin da ya sa hadari ke tasowa daga gabas a ƙasar Hausa.
5. Tsara darasi na minti 35 a kan lokutan shekara domin 'yan aji biyar na firamare.