DARASIN WATA: Neman Jari Ta Waya Da Tarkon 'Yan Damfara

Da zarar damina ta ɗauke, manoman Wurno da Goronyo sai su koma fadama. Ruwan madatsar Goronyo da kogin Rima yana ba su damar noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma noman rani yana cin kuɗi. Akwai iri, akwai taki, akwai man injin ban-ruwa. A daidai wannan lokaci ne saƙonni ke shigowa waya, har a ƙauyuka irin su Boyekai, ana cewa ga rance ko ga riba nan take.

Tarko na farko: rancen ƙarya

Wani zai aiko da saƙo da sunan banki ko gwamnati. Zai ce a biya kuɗin fom kafin a saki rance. Wani kuma zai nemi lambar BVN, da lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki ke turowa a waya. Wanda ya ba da su ya miƙa wa ɓarawo makullin rumbunsa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri.

Tarko na biyu: rance mai tozarci

Akwai kamfanonin da ke ba da rance ta manhajar waya. Wasunsu suna ɗora kuɗin ruwa mai yawa, su ba da 'yan kwanaki kaɗan. Idan mutum ya makara, sai su aika wa 'yan'uwansa da surukansa saƙon cin mutunci. Saboda haka ne a 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta wajabta musu yin rajista.

Tarko na uku: zuba kaɗan, kwashi da yawa

Shirin MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata ɗaya. A Disamba 2016 ya rufe asusun jama'a. Shirin CBEX ya ce zai ninka kuɗi cikin kwana 30. A Afrilu 2025 ya rushe da dukiyar mutane, hukumar EFCC ta shiga bincike.

Ga yadda abin yake. Masu shirin ba sa noma, ba sa fatauci. Da kuɗin sabon shiga ake biyan na farko. A ce mutum 10 sun zuba N10,000 kowannensu, mai shiri ya cinye. Kafin a biya su ninki, sai an samo sababbi 20. Su kuma sai an samo 40, daga nan 80. Ranar da sababbi suka ƙare, shiri ya mutu. Na ƙarshe su ne suka fi yawa, su ne kuma ke asara. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ina mafita?

1. Mai neman rance ya je banki da ƙafarsa, ya ga ofis, ya ga ma'aikata.
2. Ya shiga ƙungiyar manoma mai rajista, ya nemi shawarar malamin gona.
3. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz.
4. Adashe tsakanin waɗanda aka sani yana tara ƙaramin jari.
5. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba.
6. Wanda aka yaudara ya sanar da bankinsa nan da nan a toshe asusun, sa'an nan ya kai ƙara. Ɓoyewa don kunya tana ba ɓarawo damar cutar maƙwabci.

Tambayoyi

1. Waɗanne lambobi ne ba a faɗa wa kowa?
2. Da kuɗin wa ake biyan waɗanda suka fara shiga shiri irin na MMM?
3. Me ya kamata wanda aka yaudara ya fara yi?