Fayil ɗinsa ya ce ya warke

Kawun yaron ne ya tare ni a bakin masallaci a Mabera bayan an sauko daga Juma'a. Ban gane shi ba sai da ya ambaci ɗan kabu-kabun da muka kwantar bara. Na tambaye shi ya jikin yaron. Ya ce, "Ai likita, Allah ya yi mai rasuwa tun kahin azumi. Mun ɗauka kun ji."

Ta ina za mu ji? Da na koma aiki na sa aka ciro fayil ɗinsa. Shafin ƙarshe ya ce an sallame shi, ya samu sauƙi, fitsarinsa ba komai, ya dawo bayan mako biyu. Bai dawo ba. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta a ƙasa cewa ta kira lambar da ke kan katinsa, wata mata ta ɗauka a Gusau ta ce ba ta san shi ba. Kawun bai ɓoye mini ba, da gangan suka ba da lambar da ba tasu ba. Ana shirin aurar da ƙanwar yaron, ba sa son a ji likitan ƙwaƙwalwa yana kiran gidan.

Shekararsa 24. Ya fara tiramol ne don ya iya wuni a kan babur cikin zafin Sakkwato, daga ƙwaya ɗaya ta 225 har ya kai ga waɗanda shi kansa ya daina ƙirgawa, da dare kuma ya bi da diyazafam don ya samu barci, wani lokaci da Exol. Jijjiga ce ta kayar da shi da fasinja a baya, shi ne aka kawo mana shi. Yaro mai kunya, mai son ya bari. Muka rage masa a hankali, ya sha wahalar makonnin farko, ya fara cin abinci, ya fara dariya da sauran marasa lafiya. Ranar sallama na zaunar da innarsa da kawun na ce musu aikin yanzu aka fara.

Da suka koma gida ya fara rashin barci da ciwon gaɓoɓi, abin da muka faɗa musu zai faru. Maimakon su dawo, sai wani maƙwabci ya nuna musu mai "wankin jini". Ɗaki biyu ne a bayan wani kemis, da gado da sandar rataye ledar ruwa. Ya ce musu maganinsa an yi bincike a kansa a ƙasar waje, kuma duk wanda ya yi wa bai taɓa komawa ba. Ya yi ta ɗura masa ruwa da allurai da ba wanda ya san sunansu, yaro yana ta barci, iyaye suna murna. Babur ɗinsa aka sayar aka biya. Ga shi ba babur, ba sana'a, ya koma majalisar da ya baro. Daga nan sai gidan mari a wajen gari, wata uku da ƙarfe a ƙafa. Ya fito a rame da gyambo a idon sawu, aka yi sadaka an ce ya shiryu. Bai cika mako ba ya haɗiye adadin da ya saba sha a da, ya ɗora diyazafam a kai. Jikin da ya yi wata uku ba ƙwaya ba zai ɗauki wannan ba. Ya kwanta bai tashi ba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, a unguwa aka ce zazzaɓi ne.

Allah ya jiƙansa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a lissafin kowa yaron nan ya warke. A takardarmu ya samu sauƙi. Mai wankin jini yana ƙirga shi cikin waɗanda ba su taɓa dawowa ba, kuma gaskiya ya faɗa, bai dawo ba. Mai gidan mari shi ma zai ce ya fita a shirye. Mutuwarsa ba ta shiga kowane littafi ba.

Yawan masu sha mun san shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramol ne suke sha, kuma Arewa maso Yamma tana da kusan miliyan 3. Kowane taro sai an karanta waɗannan alƙaluma. Tun 2015 kuma akwai tsarin NENDU da ke tattara bayanan waɗanda suka zo neman magani a wasu cibiyoyi. Duk wannan ƙirgar shiga ce. Mutum nawa ne ke nan lafiya bayan wata shida da sallama, nawa suka koma, nawa ke kabari, kuma me ya bambanta su? Ku tambayi duk wanda ke wannan aiki a garin nan, zai ba ku labarin mutum biyu ko uku da ya tuna, ba zai ba ku adadi ba. Wannan giɓi shi ne kasuwar ɗan damfara. Shi yana cewa ɗari bisa ɗari, ni ba ni da lambar da zan ƙaryata shi da ita.

Littattafan da muka karanta a kan wasu mutane aka rubuta su. Aikin metadon da Dole da Nyswander suka wallafa a 1965 a kan masu hiroyin ne a birnin New York. Amurka ta kafa wata hanyar haɗin gwiwa a 1999 don a riƙa gwada magungunan shaye-shaye a cikin asibitocin unguwa na yau da kullum, saboda sun lura abin da ya yi aiki a jami'a ba lalle ya yi a can ba. To idan tsakanin jami'a da unguwa a ƙasa ɗaya akwai wannan tazara, ina ga tsakaninsu da Runjin Sambo? Namu majinyacin yana haɗa tiramol da wiwi da Exol da diyazafam, yana kwana a ɗakin zaure, innarsa ke riƙe maganinsa, kawunsa ke yanke hukuncin inda za a kai shi, kuma za a je wurin malam ko mun so ko mun ƙi. Tsawon wane lokaci ya fi dacewa a rage masa tiramol? Idan aka sa limamin unguwa cikin bibiyar, ana samun bambanci? Kiran waya da Hausa duk mako biyu yana rage komawa? Yaya za a yi da magani cikin azumi? Ba wanda zai amsa mana waɗannan daga Landan. Kasuwar ƙwaya ma ba ta jira: an haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018 bayan rahoton BBC, masu sha suka karkata, a 2025 kuma BBC ta sake bankaɗo ƙwayoyin da aka haɗa tafentadol da karisofurodol da ake shigowa da su Afirka ta Yamma daga Indiya. Tsinken gwajin fitsari na gama-gari ba ya kama su. Ga iyakar Illela da Ƙonni a ƙofarmu.

Ba rashin mutane ba ne. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da matasan likitoci da dole su yi bincike kafin su zama ƙwararru. Amma don Allah, 'yan'uwana, ya isa haka da raba takardar tambayoyi a makarantun sakandare a gano kashi nawa suka taɓa shan wiwi. An yi, an sake, suna jibge a kan kanta. Mu bi majinyata ɗari na shekara guda mu ga inda suka ƙare. Abin da wannan ke buƙata: rajista guda mai tsari ɗaya a duk inda ake kwantar da su, ma'aikacin jinya da aka horar aka kuma ba shi katin waya da man babur, mai ilimin ƙididdiga tun kafin a fara ba bayan an gama ba, da takardar amincewa da Hausa, da boko da ajami. Masu zuwa daga waje da kuɗin bincike kuma, a yi sharaɗi da su: bayanan su zauna a nan, su bar mana mutum da ya iya aikin.

Na san abin da kalmar bincike ke tunawa mutanenmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 cikin gwajin maganin Trovan a Kano, 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tsoron yana da tushe. Amma tun 2007 akwai ƙa'idar bincike ta ƙasa, kuma ba a taɓa majinyaci sai kwamitin ɗa'a ya amince. Binciken gaskiya ana karanta maka takarda, kana da ikon ka ƙi, ka ƙi ɗin ma a ci gaba da duba ka. Abin mamaki, mutumin da zai ƙi sa hannu a wannan takarda shi ne zai miƙa ɗansa ga mai allurar da ba ta da suna.

Ba a wanke jini daga ƙwaya. Mari ba magani ba ne, kun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi a Rigasa da Daura a 2019. Makonnin farko bayan fitowa, daga asibiti ne ko gidan yari ko gidan mari, su ne mafi haɗari. Iyaye, kada a bar diyazafam a ɗakin wanda ya fito. Ku ba mu lambar waya ta gaskiya, biyu ma, ba za mu ce daga ina muke kira ba sai mun tabbatar da wanda ya ɗauka. 'Yan kemis masu sayar da katin diyazafam ba takardar likita, ku ji tsoron Allah. Kuma iyaye, ba a wanke jini, na sake faɗa, ledar ruwa ce ta gishiri kuke sayar da babur a kanta.

Matan kuwa ko maganarsu ba mu fara ba. Binciken nan na ƙasa ya ce ɗaya cikin huɗu na masu sha mace ce, amma a wuraren magani da ƙyar ake samun ɗaya cikin 20. Suna cikin gidaje da kwalabensu da allurar fenta, miji ba zai bari a rubuta sunanta a kati ba. Duk binciken da za mu fara, sai an ɗauki ma'aikaciya mace da za ta iya shiga cikin gida, a kuma sa albashinta cikin kasafin tun farko.