Aikin Dare da Rashin Barci

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos, ina aikin dare. Barcina ya lalace, ƙasusuwana na ciwo, an ce mini ƙarancin bitamin D ne. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Haƙiƙa wanda ke kwana a farke ya wuni a ɗaka, ga kuma sanyin Filato mai sa mutum ya dunƙule cikin tufafi, ba kasafai rana ke taɓa fatarsa ba, alhali da haskenta jiki ke haɗa wannan bitamin. Ko da yake mai da dare rana kaɗai ya isa ya ɓata barci. Saboda haka kada ki yi hukunci bisa zato, ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a auna jininki, domin ba kowane ciwon ƙashi ne ke zuwa daga ƙarancin bitamin D ba: binciken da aka buga a 1999 kan yaran garin nan masu gwamen ƙafa ya nuna kalsiyam ya fi bitamin D kaɗai warkar da su.

In kin sauka daga aiki da safe, ki saki labule ki kwanta, ba goro ba shayi. Bayan Azahar ki zauna a tsakar gida kamar minti 20, hannuwa a buɗe. Ki yawaita kifin sardin da gwaiduwar ƙwai. Ƙwayoyin bitamin D kuwa sai da iznin likita, domin yawansu na taruwa a jiki ya cutar da ƙoda.