Darasin Kimiyya: Zafi da Gansakuka

Yara, ku lura da kududdufan da kogin Kaduna ke bari wajen Barnawa a watan Afrilu. Koren nan da kuke gani ƙananan tsirrai ne. Danginsu na cikin teku su ke samar da kusan rabin iskar oksijin ta duniya, suna haɗa abincinsu da hasken rana, da ruwa, da iskar da muke fitarwa.

Ɗan ɗumi yana ƙara musu kuzari. Amma fa in zafi ya wuce kima, sai aikin ya raunana, oksijin ta ragu. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, da dare kuma su ma shaƙarta suke yi. Shi ya sa a bazara za ku ga kifin kiwo ya taso sama da asuba yana haki.