Noman Ganyen Mastad na Habasha a Lambun Gida

Mastad na Habasha ɗan'uwan kabeji ne, amma ba ya dunƙulewa. Ganyensa ake tsinka a yi miya. Masana tsirrai suna kiransa Brassica carinata. Mutanen Habasha sun daɗe suna nomansa don ganye da man ƙwayarsa, ana kuma cinsa a Tanzaniya da Zambiya. A kasuwannin Nijeriya da wuya a gan shi, saboda haka wanda ke sonsa sai ya shuka da kansa.

Babban abin lura shi ne lokacin shuka. Wannan ganye na sanyi ne. Idan zafi ya tsananta, yakan yi saurin fure, ganyen ya ƙanƙance, ya yi ɗaci. Don haka a yawancin jihohin Arewa ya kamata a zuba iri cikin watan Oktoba ko Nuwamba, domin a ci moriyarsa a hunturu, kafin zafin Maris. Mazauna tuddai masu sanyi, kamar Jos da Mambila, suna da sarari fiye da haka.

Ƙwayar irin ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Mai lambu ya gauraya ta da yashi, ya yafa a fangalin da aka zuba wa ruɓaɓɓen taki, ya rufe da ƙasa kaɗan, kada ta wuce santimita 1. Wanda ya binne ta da zurfi ya yi asarar irinsa. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin mako guda za ta tsiro. Bayan kamar mako 4, idan tsiron ya yi ganye huɗu, sai a dasa da yamma, a bar ratar santimita 30 zuwa 50 tsakani.

Ana fara tsinka bayan 'yan makonni da dashe. Manyan ganyen ƙasa ake ɗauka, a bar toho, sai tsiron ya yi ta bayarwa.

Tsutsar kabeji da darɓa suna kama shi. A duba bayan ganye, a cire tsutsa da hannu, a fesa ruwan 'ya'yan darbejiya. Kada a shuka shi inda aka cire kabeji.

Uwargida ta bar tushe biyu ko uku su yi fure. Idan kwanson ya bushe, ta murje, ta adana ƙwayar a kwalba busasshiya don baɗi.