Idan Aka Tare Titi, Ina Motocin Suke Zuwa?

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Daura ya san yadda ake tare hanyoyin da suka nufi ƙofar fada ranar Hawan Magajiya. Tun kafin dawakai su fito, 'yan sanda da dogarai sun mayar da mota da babur baya. Ni dai tun ina yaro abin da na sani kenan, ban taɓa tambayar inda waɗannan motocin suke bi ba, sai da muka zo darasin zirga-zirgar ababen hawa a zangon da ya wuce.

Amsar farko tana ƙofar gidan gwaggona. Lungunsu bai fi faɗin mota ɗaya ba, amma ranar hawa nan adaidaita sahu da babura suke kwararowa, ga yara da kayan Sallah suna guje-guje. A bara saura kaɗan mai babur ya take jikanta. Da na je yi mata barka da Sallah cewa ta yi, "Kai ɗan nan, ku da kuke karatun hanya, haka za a riƙa sako mana su?" Wallahi ban iya ce mata komai ba.

To ga abin da karatun ya ce. Yawancinmu muna ɗaukar motoci kamar ruwan kwata, in ka toshe nan dole ya ɓulle can, babu ragi. Ba haka abin yake ba ɗungurungum. Direba mutum ne, yana da dabara. Wani zai sake hanya, wani zai sake lokaci, wani ya ajiye babur ya taka da ƙafa, wani ma ya fasa fitar. A 1998 wasu masu bincike a Ingila sun tattara wuraren da aka rufe titi ko gada a ƙasashe da dama, suka ga a mafi yawansu wani kaso na motocin bai koma ko'ina ba, ɓacewa ya yi. Tun kafin su, a 1968, wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya nuna cewa ƙara sabon titi na iya sa tafiyar kowa ta ƙara daɗewa, don kowa zai ruga hanyar da yake ganin ta fi masa sauri, sai a haɗu a cushe. Juya maganar, rufe wani titin na iya kawo sauƙi. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, a 2003 aka fara rushe wata babbar gadar sama da ke tsakiyar gari, a 2005 aka buɗe rafin da ke ƙarƙashinta ya zama wurin shaƙatawa, kuma cunkoson da aka ji tsoro bai kashe garin ba.

Amma fa a nan nake ja da masu kawo mana misalin Seoul kamar an gama magana. Su suna da jirgin ƙasa na cikin gari, sannan sun gyara tsarin bas-bas ɗinsu a daidai wannan lokacin. Wanda ya ajiye motarsa ya sami abin hawa. Mu fa? Bas ɗinmu shi ne adaidaita da acaɓa, kuma su ne farkon waɗanda ake korowa. Kano ta ɗanɗana wannan a ƙarshen 2022, lokacin da gwamnati ta hana adaidaita bin wasu manyan tituna. Ba a je ko'ina ba aka janye dokar.

Sai maganar aljihu. Ranar da aka tare titi, mai fura da mai tsire da mai ruwan leda kakarsu ta yanke saƙa, saboda mai tafiya a ƙasa shi ke tsayawa ya saya. Mai faci kuwa da mai sayar da siminti, da ace rufewar ta kullum ce, sai dai su tashi. Mai adaidaita zai zagaya, ya ƙone mai, ya ɗora wa fasinja. Ga mace mai naƙuda da gidansu ke cikin wurin da aka tare, wadda ban taɓa jin an sa ta a lissafi ba.

Kuskuren da malaminmu ya fi gargaɗinmu a kai shi ne tsayawa a kan titin da aka rufe ana ƙirga. Can ai komai lafiya lau zai nuna maka. A lunguna ake tsayawa. Ka ƙirga abin da ya wuce cikin kowane minti 15, mota daban, adaidaita daban, babur daban, masu ƙafa daban, sannan ka maimaita a wannan wuri da wannan sa'a a ranar da babu hawa. In ba ka da lissafin ranar da ba a rufe ba, na ranar rufewar ba zai gaya maka komai ba.

Wannan shi ne aikin kammala karatuna, kuma Sallar Gani nake jira. Na riga na zaɓi lunguna huɗu, na gwaggo na ciki, ta ma yi alƙawarin ba ni tabarma a zaure. Saura mutum uku masu agogo da haƙurin zama a rana.