Darasi: Ahaz da Farashin Tsoro

Abin karantawa: 2 Sarakuna 16, Ishaya 7.

Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Assuriya ta ƙasaita a hannun Tiglat-filesar, ƙananan ƙasashen yamma kuwa suna rawar jiki. Suriya da Isra'ila sun daɗe suna gaba da juna, amma tsoron Assuriya ya haɗa kansu. Rezin na Dimashƙu da Feka na Samariya suka kawo wa Urushalima yaƙi, nufinsu su tuɓe Ahaz sarkin Yahuda, su naɗa ɗan Tabeyel a maimakonsa. Aka ƙwace Elat daga hannun Yahuda. Edomawa da Filistiyawa kuma suka faɗa mata.

A cikin wannan ƙunci Ubangiji ya aiki Ishaya wurin Ahaz, ya faɗa masa ya natsu, gama ƙarfin sarakunan nan biyu ya kusa ƙarewa. Aka ba shi dama ya roƙi alama, ya ƙi. Sai ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali da na fada, ya aika wa Tiglat-filesar, yana kiran kansa bawansa.

Taimako kuwa ya zo. A shekara ta 732 Dimashƙu ta faɗi, aka kashe Rezin. Aka kwashe mutanen Galili da Gileyad, Hosheya kuma ya kashe Feka. A ido, dabarar Ahaz ta ci. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Yahuda ta zama mai biyan gandu. Ahaz ya ga wani bagade a Dimashƙu, ya sa Uriya firist ya gina irinsa a Haikali. Sa'ad da ɗansa Hezekiya ya nemi fita daga wannan karkiya, Sennakerib ya auka wa biranen Yahuda a shekara ta 701. An yi gudun gara, an tadda zago.

'Yan'uwa, neman taimako ba zunubi ba ne. Laifin Ahaz shi ne ya bar tsoro ya zaɓa masa ubangida, ya kuma biya da kayan ɗakin Allah.

Tambayoyi:
1. Mene ne ya haɗa Suriya da Isra'ila?
2. Don me Ahaz ya ƙi roƙon alama?
3. A lokacin tashin hankali, wane abu ne bai kamata ikkilisiya ta bayar domin samun kāriya ba?

Bari mu yi addu'a domin shugabanni, Allah ya ba su natsuwa a ranar tsoro.